Awar Salla a Kantin Sheme

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowa ya tashi haiƙan sai ya rushe ɗakin ƙasa ya gina na siminti. A lokacin ne na bar gonarmu na kama aiki a wani babban kanti da ke bakin titi a Sheme, inda ake sayar da siminti da kwanon rufi da ƙusa da fenti. Mai kantin wani Alhaji ne da ya fi zama a Funtuwa, ya bar wa ƙanensa ragamar komai, muna ce masa Manaja. Gajere ne mai saurin hannu. Akwai tsohon fambel na mota da ya rataye a bayan ƙofa, wai na korar awaki ne. Ni dai ban taɓa ganin akuyar da ya daka da shi ba.

Biyan awa ake yi mana irin na kamfanonin birni, Manaja kuwa yana taƙama da haka kamar shi ya ƙirƙiro agogo. Sai dai awarmu ba ta fara tafiya sai an buɗe ƙofar kanti, da an ja ƙofar kuma ta tsaya. Sharar safe da jera kwano bayan an tashi duk ba aiki ba ne a wurinsa. Lokacin salla ma rufewa ake yi, a cire mana. Wannan bai dame mu ba, tunda masallaci za mu je mu samu mu miƙe baya.

Wanda abin ya ci shi ne abokin aikina, wani saurayi dogo daga gidajen Maguzawa na wajen Mabai. Ba ya salla, don haka Manaja ya ga babu dalilin da zai zauna. Mu tafi masallaci, shi a bar shi da dakon kaya. Ranar Juma'a ta fi muni, domin direban motar siminti yakan daidaita zuwansa da lokacin masallaci, ya aje mota ya bi mu. Kafin mu dawo abokina ya sauke ta shi kaɗai, siminti ya cinye masa fatar baya ta yi jawur. Amma idan an zo biya, awar sallar da bai yi ba a cire masa daidai da tamu. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Ya taɓa yi wa Manaja magana cikin ladabi, har da durƙusawa. Manaja ya yi dariya, ya ce in hutu yake so, ga buta nan.

Wata Juma'a muka dawo muka tarar da mota cike yadda muka bar ta, ko igiya ba a kwance ba. Abokina yana zaune a gindin bishiyar bedi yana shan rake. Manaja ya tsaya a kansa da darduma a kafaɗa, ya tambaye shi abin da yake nufi.

"Ranka shi daɗe, ƙohwa na ruhe," in ji shi. "In an buɗe ni tashi."

Manaja ya juya. Ya shiga kanti ya fito da fambel ɗin a naɗe a hannu. Dukan farko ya sauka a bayan nan mai ciwo, na ji ƙararsa har cikin haƙorana. Abokina ya miƙe, kuma da ya so da hannu ɗaya zai ɗaga Manaja ya buga da ƙasa, amma ya san ko shi wane ne a garin nan, sai ya kare kansa kawai. Manaja ya yi ta zuba masa, a wuya, a kafaɗa, a hannu, yana zagin iyayensa. Na ruga na riƙe shi, ya juyo ya shauɗa mini a gefen wuya, na faɗi a kan kwano. Kafin in tashi bakin fambel ɗin, inda waya ta fito, ya sami abokina a idon hagu. Ya durƙushe, jini na bi ta tsakanin yatsunsa yana ɗiga a kan ɓawon rake.

Titi cike yake da mutanen da suka fito daga masallaci, manya da rawuna. Suka tsaya suna kallo. Wani ya ce a yi haƙuri, wani ya ce yaron ma da taurin kai. Direba ne ya yarda ya kai mu asibiti a Funtuwa, shi ma sai da muka sauke masa simintinsa tukuna. Idon bai tashi ba. 'Yan'uwansa suka zo suka tafi da shi gida, maganar ta mutu.

Juma'ar da ta biyo mota ta zo, babu mai saukewa. Sai Manaja ya ce daga yau za mu riƙa yin karɓa-karɓa, kowane mako mutum biyu su bar masallaci su tsaya wa siminti. Kafin la'asar labari ya gama gari. Iyayenmu suka zo da sanduna, liman na gaba. Aka jawo Manaja daga cikin kanti, aka yaga masa riga, aka fasa masa baki, wani tsoho ya yi ta kwaɗa masa takalmi a ka. Washegari Alhaji ya zo da kansa daga Funtuwa yana bi gida-gida yana ba da haƙuri.

Na ɗauki keke na tafi Mabai da murnata don in ba abokina labari. Na same shi a bakin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya, an ɗaure masa ido da tsumma. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni su wa suka zo. Na ce gari kaf, na shiga lissafa masa dattawa ɗaya bayan ɗaya.

Ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya don ya gan ni da kyau.

"Na san su," in ji shi. "Ai rannan ma suna nan tsaye."