Bargon Ƙyallayen Baba Tela

Baba Tela ba ya tsallake ƙyalle. Ko a shago ko a kan hanya, in ya ga guntun yadi a ƙasa sai ya duƙa, ya karkaɗe shi, ya gwada shi da babban yatsansa. In ya kai faɗin yatsan, ya shige aljihun hagu. In ma bai kai ba, yakan waiga ya ga ko akwai mai kallo. Matarsa, wadda yake kira Tsohuwa tun tana da ƙuruciyarta, ita ke zazzage aljihun ranar wanki.

"Wannan tarkacen shi ne gadon da za ka bar mana?"

"Ajiye dai. Yana da rana."

Ta riƙa ajiyewa a buhu bayan ƙofa. Buhu ɗaya ya haifi 'yan'uwa.

Shagonsa ɗaki ne a bakin gida, ƙofarsa na kallon titi: tebur mai tsawo, keken ɗinki na ƙafa, dutsen guga, tef rataye a ƙusa. An san shi da abu ɗaya, wato layi miƙaƙƙe. Telolin unguwa in yadi mai tsada ya ba su tsoro, shi suke kawo wa ya yanka. In an yabe shi sai ya ce almakashin ne mai kyau.

A kofin shayi hannunsa ya fara rawa. Tsohuwa ta gani, ta koma zuba masa rabin kofi. Sannu a hankali rawar ta bi shi har tebur. Wata rana almakashin nan mai kyau ya kauce a cikin yadin wani bawan Allah, ya wuce har yatsansa. Mai yadin mutumin kirki ne, ya ce ba komai. Bai dai sake dawowa ba, kuma da alama yana da abokai.

Babban ɗansa direban babbar mota ne, Direba kowa ke ce masa, har uwarsa. Da ya dawo daga tafiya ya ga yatsan a ɗaure, ya zauna a bakin ƙofar shago, ya daɗe yana murza makullin mota.

"Baba, wahalar ta isa haka. Telan layin baya yana son keken nan. Sai a share ɗakin, a sa maka kujera mai laushi da talabijin."

"In kalli wa?"

"Ka huta dai, Baba."

Baba Tela ya san yaron ba da mugunta ya zo ba. Shi ya sa maganar ta fi zafi. Ya dubi keken, ya dubi bango.

"Akwai aiki a hannuna. Bari in gama."

"Wane aiki? Wa ya kawo?"

Idon tsohon ya yi yawo a ɗakin har ya sauka bayan ƙofa.

"Bargo."

Daga tsakar gida Tsohuwa ta yi wani tari wanda ba na mura ba.

"To," in ji Direba. "Zan yi tafiya mai nisa. In na dawo na tarar da bargo, na bar maganar keke har abada. In kuwa..." Bai ƙarasa ba, don yaro ne mai ladabi.

Washegari aka zazzage buhunan. Baba Tela ya yayyaga tsohon zanen gado gida-gida, kowane gida mai kusurwa huɗu, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. A kansa ake ɗora ƙyallen farko, a kifa na biyu a bisansa, a ɗinke gefe, a buɗe, a danne da guga, a ɗauko na uku, har gidan ya rufe. Aikin da ɗan koyo zai yi yana hira. Amma hannun ya ƙi. Ɗinkin ya riƙa tafiya kamar akuyar da ta ga ganye a gefen hanya. Shi kuwa mutumin da bai taɓa barin karkataccen layi ya fita daga shagonsa ba, sai ya ɗauki reza ya farke. Ya ɗinka, ya farke. Kwanaki suka shuɗe, abin da ya haɗa bai isa rufe kyanwa ba.

Wata safiya ya laluba tebur, ya ɗaga yadi, ya leƙa ƙarƙashin keke.

"Tsohuwa, ina rezata?"

"Ta yi tafiya."

"Ɗinkin fa ya karkace."

"Wanda zai lulluɓa da shi barci zai yi, malam, ba tef zai ɗauko ba."

"Ke ba ki san aiki ba."

"Na san ranar dawowar ɗanka."

Haka ya ci gaba babu reza, ransa ba ya so. Duk gidan da ya gama sai ya kifa shi don kada ya gani. Abu ɗaya kawai ya riƙe. A ƙasan wani buhu ya sami ragowar shuɗin yadi mai duhu, na shekarun da yake ɗinka wa 'yan makaranta riguna. Wannan ba ya bukatar almakashi: a ɗan tsaga bakinsa a ja, yadi da kansa yake bin zarensa ya miƙe, ko hannu na rawa ko ba ya yi. Shi yake fara shimfiɗawa a kowane gida, daga kusurwa zuwa kusurwa. Ɗinki biyun da ke riƙe da shi ba ya taka musu keke, da hannu yake juya shi, allura ɗaya bayan ɗaya. Sauran kuwa ya bar su suka tafi inda suka ga dama.

Ranar haɗawa gwiwarsa ta hana shi durƙuso, don haka Tsohuwa ta share ƙasa ta shiga jerawa. Ya gaya mata duk shuɗin ya kalli gefe guda, ya fita neman zare. Ita kuwa hankalinta ya tafi wani wuri. Ga guntun rigar makarantar Auta. Ga labulen ɗakinsu na farko. Ga zanen da ta goyi Direba da shi, wanda ta yi shekaru tana zargin maƙwabciya a kansa. Tana juya su tana kallo, tana ajiyewa yadda suka zo hannunta.

Da ya dawo sai ya tsaya a bakin ƙofa. Shuɗin nan ya haɗa kai huɗu-huɗu, ya zagaye ɗakin kamar tagogi. A cikin kowace taga karkatattun ƙyallayen, ja da ɗorawa da kore, sun bazu kamar hasken da ya ratsa ganye. Ya matso ya duba.

"Ba haka na tsara ba."

"In mayar?"

"Bar shi."

Ya sa masa auduga a ciki, ya yi masa shafi, ya kalmashe baki. Ran da Direba ya dawo, tare ya zo da telan layin baya, shi kuma har da baronsa na ɗaukar keke. Suka tarar da bargon a kan igiyar shanya, iska na kaɗa shi, matan maƙwabta sun kewaye shi kowace na neman zanenta. Telan ya ajiye baro, ya kama gefe, ya juya bayan, ya bi ɗinkin da farce.

"Baba, yaya aka yi ka karkata su haka? Awo ne?"

"Sai hannu ya tsufa," in ji Baba Tela.

Direba ya matso kusa da bargon. Yatsansa na kan wani ɗan ƙyalle mai ratsin ja, na rigar da ya sa ranar da aka fara ba shi mota.

"Ɗauka," in ji uban. "An ce in kun kwana a hanya motar da sanyi."

"Baba, maganar keke ta mutu."

"Ko ba ta mutu ba." Ya nuna cikin shago da haɓa. A ƙarƙashin allura akwai sabon gida, shuɗinsa a shimfiɗe. "Akwai aiki a hannuna."

Baron nan bai koma da keke ba. Bayan kwana biyu ma sai ga shi ya dawo cike da ƙyalle, kuma sauran teloli suka bi sahu. Jikoki kowa ya sami nasa bargon. Masu kawo ɗinki da suka daina zuwa suka tuna hanya, wasu har suna roƙon a ƙara karkatawa. Tsohuwa ta dawo da rezar, ya sa ta a aljihun tebur, tsatsa ta cinye ta a can. Sai dai tun daga ranar bai taɓa kalmashe bakin bargo ba sai ya fara wani. Ya yarda da ɗansa, amma ya san yara da son hutar da mutum.

Da Allah ya karɓi abinsa, an sami ƙyalle biyu a aljihun hagu, ɗaya bai kai faɗin yatsa ba. A kan keke akwai gida rabi a rufe rabi a buɗe, allura a soke a tsakiyar ɗinki. Tsohuwa ta ɗora ƙyallayen biyu kusa da shi, ta ja ƙofa. Direba yakan leƙa in ya dawo daga tafiya. Har yau bai ɗaga allurar ba.