Kwalkwalin Kakan Babaji

Babaji dillalin shanu ne a kasuwar Potiskum, amma ba da shanu aka san shi ba, da zaurensa aka san shi. A nan ya rataye kayan gadonsa: baka marar tsirkiya, mashi mai tsatsa, da wani kwalkwalin tagulla mai faɗin baki, wanda ya ce da shi kakansa yake shiga yaƙi. Kwalkwalin yana da mariƙi guda a gefe. Babaji ya ce nan ake ɗaura gashin jimina.

Ranar kasuwa, in an watse, direbobi da Fulani da mahauta sukan cika zauren. Mutanen da kakan ya kashe kuwa, kowane mako sai sun ɗan ƙaru. Baƙon da ya saurara da ladabi, akan kifa masa kwalkwalin a ka don ya samu albarka. Da haka Babaji ya zama mutumin da ake tambaya tarihin gari, kuma wannan ya fi masa kowane ciniki daɗi.

A cikin gidan akwai gwaggonsa, Ya Kaka, tsohuwa tukuf. Ba ta taɓa ƙaryata shi ba. In dai ta wuce ta zauren, takan rufe baki da mayafi.

Bayan yaƙin basasa, wani ma'aikacin gwamnati, Mista Gregory, ya zo da kyamara, yana ɗaukar hotunan kayan tarihi da za a nuna a Maiduguri. Babaji ya sa babbar riga, ya kifa kwalkwali, zaure ya cika. Sai baƙon ya tambaya ko akwai wanda ya ga kakan da shi ido da ido. Dole aka kira Ya Kaka.

Ta daɗe tana kallon kan Babaji.

"Na gan shi da shi kullum da safe," in ji ta, "zamanin da yake aiki gidan Bature a bariki. Sai dai a hannu yake ɗaukarsa. Ya miƙa hannun nesa, ya kau da hanci, ya nufi bayan gida ya zubar da abin da Bature ya yi a ciki da dare."

Wani direban Damagum, wanda ya samu albarka makon jiya, ya cire hularsa ya shinshina.

Babaji ya sauke kwalkwali a hankali, ya leƙa cikinsa, ya dubi jama'a.

"To, kun ji da kunnenku," ya ce. "Mutumin da yake raba Bature da wannan abu kowace safiya, Bature bai ce uffan ba, ai ba ƙaramin jarumi ba ne."

Mista Gregory ya ɗauki hoton Babaji yana riƙe da kwalkwalin a hannu. Mako na gaba zauren ya fi cika, labarin kakan ya koma bariki, ya ƙara tsawo. Albarkar ce dai aka daina nema, sai ko baƙon da ya zo daga nesa.