Jomin da Inna Tsuyako Ta Tsinka Kafin Sanyi

Kafin mu ma'aikatan safe mu gama sauya takalma a bakin ƙofa, Inna Tsuyako Ebina, mai kula da shuke-shuke, ta riga ta zagaye lambun gidan tsofaffinmu, almakashi a aljihu, tawul a wuya, tana yi wa tsuntsaye faɗa kamar suna jin ta. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ni mai jinya ce a gidan, kuma ban yarda ta tafi shiru ba.

A kusurwar lambun akwai ɗan itacen jomi, mai ƙananan 'ya'ya da ake sha, irin wanda ke fitowa da kansa a duwatsunmu. Matar Baba Sakuraba, wani tsoho da muke jinya, ita ce ta zo da shi a tukunya, bayan zaftarewar ƙasa ta tashi ƙauyensu. Kowace bazara sai ya yi fure fari tas, amma bai taɓa yin 'ya'ya ba. Da hunturu ya zubar da ganye ya tsaya kamar tsohuwar tsintsiya, har aka fara maganar sare shi.

"Shi kaɗai ne, da wa zai haihu?" in ji Inna. "Sai an kawo masa na wani tushe."

A shekarar da beyar, ƙaton naman dajin nan mai kisa, ke saukowa har bakin gonaki ta ɗaura ƙararrawar korarsa a ƙugu ta hau dutse neman wani jomin. Mun yi roƙon duniya ta ƙi ji. Ta dawo da dashe a buhu, laka har gwiwa, ƙararrawar babu, kuma har yau ba ta gaya mana abin da ta gani ba.

Kafin dashen ya girma matar Baba ta rasu. Baba ya daina magana. Bara da kaka ya daina cin abinci, har likita ya ce a kira 'yarsa. A kakar nan ce jomin ya yi 'ya'yansa na farko, jajawur.

To, mu nan ko ƙaramin yaro ya san ba a taɓa jomi sai raɓa ta daskare a kansa, sannan yake zaƙi. Inna kuwa ta fi kowa riƙe wannan, don a kakar nan ma sai da ta buge hannun mai dafa mana abinci a kai. Sai sanyin ya ƙi zuwa. Kullum da safe ta shafa ciyawa, ta ɗago hannu a jiƙe. Ni kuma kullum in fito da kwanon Baba yadda na shiga da shi. Tsoro ya kama ni sosai.

"Inna, ba zai kai sanyin nan ba," na ce mata.

"Yanzu tsami ne zalla, 'yar nan. In matarsa ta ga na ba shi wannan, ai sai ta taso ta mare ni."

Ta dubi kwanon da ke hannuna. Sannan ta zaro almakashi ta yanko reshe guda.

Ta kai ɗakin Baba, a tafin hannunsa ta ɗora masa. Ya yi ta kallo. Can ya jefa ƙwaya ɗaya a baki, fuskarsa ta yamutse.

"Wace marar hankali ce ta tsinke wannan yanzu?"

'Yarsa da ke gefen gado ta toshe baki ta fashe da kuka.

"Ni ce," in ji Inna.

"Kin ɓata shi. A bar sauran sai sanyi."

"A bar wa wa? Kai da ko kunun shinkafa ka ƙi sha?"

Ya harare ta. "A kawo kunun."

Ya jira sanyin, ya sha jominsa da zaƙi. Yana nan har yau, yana kushe girkinmu.

Ke ce mai dashe don bakin wani, Inna. Ke ce kika riƙe ƙa'ida shekara da shekaru, kika kuma san ranar da za a karya ta. Mun gode. Duk mai ɗan fili a bayan ɗaki, ya dasa abin da tsofaffinsa suka taso suna ci, kuma kada ya dasa shi shi kaɗai.

Da na gaya wa Baba za ki tafi, ya juya fuska wajen taga. Sannan ya ce in faɗa miki ki zo ranar sanyin farko, reshen fari naki ne, amma ki bar almakashinki a gida.