Tiren Shinkafar Mawshi Yerusha

Albarka ta tabbata ga Alƙali mai gaskiya. Abin da ya fito daga bakina ke nan da safiyar Talata, takwas ga watan Yuli, sha biyu ga Tammuz a lissafinmu, lokacin da matata Elisheba ta ajiye waya ta ce, "Mawshi ta tafi." Ba ta faɗi suna ba, ni ma ban tambaya ba. Kowa yana da innarsa da yake kira Mawshi a harshenmu na Marati, amma a cikin Bani Isra'ilan garin Thane mace ɗaya ce ake kira haka ba a haɗa da suna ba. Mawshi Yerusha Awaskar, kin cika kina da shekara tamanin da shida, a kan kujerarki ta baranda, tabaraunki a cinya, ruwan damina yana sauka a hankali a kan kwanon da kika yi shekaru kina cewa za a gyara.

Tun ranar, duk sanda gyangyaɗi ya ɗauke ni a jirgin ƙasa sai in gan ki. Ina ganin ruwan sama ya zama shinkafa, fara sol, tana zuba a kan rufin gidaje da kan tafki, ke kuma kina tsaye da farin sarinki kina rubutu a iska da yatsa. Ina matsowa don in karanta, sai jirgi ya tsaya in farka. Raina yana ɓaci kowane lokaci, don har yau ban kai ƙarshen layin ba.

Masu magana sun yi magana a kanki a zaman makoki, kuma gaskiya suka faɗa. Shekara hamsin kina koya wa yara Ibrananci da tarihin kakanninmu kowace Lahadi, bayan sun gama makon makarantar gwamnati. Ni abin da zan faɗa daban ne, kuma ban taɓa faɗarsa a bainar jama'a ba sai yau.

Ni ɗan Shalom Galsurkar ne, wanda ya yi shekara arba'in yana jan addu'a a majami'armu. Allah ya ba ni kunne. Abin da na ji sau biyu ya zauna, har da inda ake jan murya da inda ake sauke ta. Ina ɗan shekara bakwai yanar ido ta fara rufe idon mahaifina. Sai ya miƙo mini littafi ya ce in karanta, ni kuma in rera abin da na ji a bakinsa, shi yana gyaɗa kai. Ina shekara sha uku na hau mumbari na karanta rabona na Attaura, tsofaffi suna share hawaye suna cewa ɗan Shalom ya gaji ubansa. Kallon kitse suke yi wa rogo. Ko harafi ɗaya ban sani ba. Na girma, na yi aure, mahaifina ya rasu, ina nan ina buɗe littafi ina juya shafi idan na ga na kusa da ni ya juya. Ɗan mai jan addu'a zai je wurin wa ya ce a koya masa harafin farko?

Rana dubu ta ɓarawo, in ji masu magana. Tawa ranar ta zo a maƙabarta, shekara ashirin da biyu da suka wuce, lokacin da muka je ziyarar shekara ta kabarin mahaifina. 'Yata Milka, tana da shekara bakwai, ta tsuguna tana cire ciyawa a gindin dutsen, sai ta gano wani ɗan layin Ibrananci a can ƙasa, ƙanana-ƙananan haruffa, dab da ƙasa. Ni na san da shi. Shekara tara ina kawar da ido.

"Baba, wannan ƙaramin fa, me ya ce?"

Na ce, "Ya ce shi mutumin kirki ne."

Ta ɗago ta dube ni. "Shi ya faɗa da bakinsa?"

Elisheba ta yi dariya, ni kuwa na kawar da kai. A hanyar gida ta ce lokaci ya yi da za a sa yarinyar nan makarantar Lahadi. Daga wannan rana na san abin da ke jirana: duk ranar da Milka ta iya karatu, za ta koma gindin dutsen nan, ta ga ubanta maƙaryaci ne.

Makarantu biyu ne a gabanmu. Akwai sabuwa a Mumbai, ta samari da 'yan mata da suka yi karatu a waje suka dawo. Suna da kwamfuta, da waƙoƙi, da mota mai ɗaukar yara daga tashar jirgi, kuma mutanen kirki ne masu son aikinsu. Akwai kuma taki, a barandar bayan gida: tabarmi uku, yara goma, da hankaki biyu da ba sa fashi. Na kawo wa Elisheba hujja goma a kan ta Mumbai. Hujjar gaskiya ɗaya ce, a can ana ajiye yaro a bakin ƙofa ne, kuma ba wanda ya san ni ɗan wane ne. Amma ko can ɗin ban kai ta ba. Na je na duba, na dawo, na sake komawa na tambayi ko ruwan shansu tafasasshe ne. Wata biyar ina zaɓe.

Ranar nan Elisheba ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, ko miji kake zaɓa mata ai da yanzu an sha biki. Gobe za mu wurin Mawshi, in ka ga dama ka tambaye ta ruwan shanta."

Mun same ki kina tsintar shinkafa. Ke ba kya fara wa yaro da alli ko biro. Tiren tagulla kike cikawa da ɗanyar shinkafa, ki baje ta, ki rubuta harafi da yatsa, yaro ya bi sawunki. In ya yi kuskure sai ki girgiza tiren, shi ke nan, babu abin da ya faru. Kina cewa kuskure ba ya kwana a tire. Ƙarshen wata kuma ki wanke shinkafar ki dafa ta da madarar kwakwa da mazarƙwaila, yara su cinye haruffansu da cokali. Har yau in na ji ƙamshin kwakwa a kan wuta, barandar nan nake gani, da hasken safiya yana ratso ganyen ayaba.

Kin dube mu ta saman tabarau kika ce, "Ina da ƙa'ida. Ba na karɓar yaro shi kaɗai. Uba ko uwa, ɗaya zai zauna kusa da shi, tire ɗaya, har a gama haruffa."

Elisheba ta ce ita za ta zauna.

"Ke da jariri a hannu? Zauna gida abinki. Ɗan Shalom zai zo."

Na ce, "Mawshi, ni ai na san su."

"To ai shi ya sa. Wanda ya sani ba ya tsoron tire."

Na juya in nemi hujja ta goma sha ɗaya, sai na ga Milka ta nutsa hannu biyu cikin shinkafar har wuyan hannu, tana dariya ita kaɗai. Zaɓen da na yi wata biyar ina ja, yarinya ta gama shi kafin shayinmu ya huce.

Lahadin farko na tarar da iyaye goma a kan tabarmi, maza da mata, suna ta gunaguni a kan ranar hutunsu. Na ɗauka halinsu ne. Kika rubuta haruffa uku kika ce manya su fara. Na kwaikwaya, sannan, kamar yadda muke yi a rubutun Marati, na ja musu layi a sama na rataye su. Wani yaro ya tuntsire da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ko gezau ba ki yi ba. Kika ce, "Kun ga Baban Milka? Da gangan ya shanya su a igiya kamar wanki, yana so ya ga wa ke barci. Wa zai gyara masa?"

Hannuwa goma suka tashi. Daga ranar duk kuskuren da na yi ya zama da gangan. Na fara daga hagu, da gangan. Na rikita harafi da ɗan'uwansa, da gangan. Yara suka ɗauke ni mutumin da ya fi kowa ban dariya a Thane, suna rige-rigen kama ni, kuma a bakinsu na koyi abin da na kasa tambayar manya. Ba ki taɓa kirana gefe ba, ba ki taɓa yi mini kallon na san sirrinka ba. Da aka gama haruffa sauran iyaye suka samu 'yanci, sai kika ce ni in ci gaba da zuwa, wai muryata tana taimakon yara wajen rera addu'a.

Ban lura ba a lokacin, amma a shekara ta biyu akwai wasu kalmomi da kike ta dawo da su cikin tire: ɗa, ido, rana, karatu, hutu. Har yara suka fara ƙorafi.

Bayan damina ta ɗauke, wata safiya na kama hannun Milka muka tafi maƙabarta mu biyu. Ƙasa ba ta gama bushewa ba, fararen furanni sun zubo a kan kaburbura. Na durƙusa na share gindin dutsen da hannun rigata. Na ce mata kada ta taimake ni. Na daɗe, ina bin harafi ɗaya ɗaya da yatsa kamar a cikin shinkafa, har layin ya buɗe mini baki:

Yoel ɗana, ranar da ka karanta wannan da idonka, na huta.

Na zauna a kan ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne shi. Ashe ya sani. Makaho yana gyaɗa kai, ashe ya sani tun farko. Milka ta leƙa ta karanta cikin daƙiƙa kaɗan, ta ce, "Baba, babu mutumin kirki a nan." Na gaya mata gaskiya duka, ina jiran in ga na faɗi a idonta. Sai ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Ai na sani. Kai ne kullum na ƙarshe a aji." Ta zauna kusa da ni ta jingina kanta a hannuna.

Daga can gidanki na wuce. Na ce, "Mawshi, wa ya rubuta wa mai sassaƙa layin nan?"

Ba ki ɗago daga tsintar da kike yi ba. "Shi ya faɗa, ni na rubuta. Ya ce kunnenka ne ya cuci idonka, kuma laifinsa ne, daɗin muryar ya hana shi tsawata maka. Ya sa na yi alkawari ba zan gaya wa kowa ba, har kai."

"Duk shekarun nan kina jira?"

"Shinkafa ba ta saurin lalacewa. Miƙo mini tiren can."

Na ɗauka na san iyakar alherinki a kaina. Sai shekaranjiya, a rana ta bakwai ta zaman makoki, muna zaune a ƙasa ana hirarki, wani ya ambaci ƙa'idar zaman iyaye. Dattijo Binyamin Talkar ya yamutsa fuska ya ce, "Wace ƙa'ida? 'Ya'yana huɗu ta koyar, ban taɓa ɗora gindina a tabarmar nan ba." Aka shiga tuna baya, wane ya zauna, wane bai zauna ba. 'Yarki Ketura ta ce ita ta tuna makon da kika bi gidaje goma da lema a hannu kina sanar da sabuwar doka, makon da aka sa 'yar gidan Galsurkar. Saboda ni kika tayar da iyaye goma daga hutunsu, kuma kika riƙe dokar shekara ashirin da biyu don kada wani ya waiwaya ya gane dalili. Na sunkuyar da kai. Da na ɗago, sai na ga maza uku masu furfura su ma kansu a sunkuye, kowa yana kallon yatsansa.

Mawshi, kin rufa mana asiri, Allah ya rufa miki naki. Allah ya ji ƙanki, ya sa ki a inuwar rahamarsa tare da iyayenmu mata na farko, ya haskaka makwancinki, ya sa kowane harafi da yaro ya ja a tirenki ya tsaya miki shaida. Idan kin haɗu da mahaifina, ki gaya masa saƙonsa ya iso.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ketura, da ɗanki Gidon wanda ya taso daga birnin Ashdod na ƙetare bai tarar da jana'iza ba, da ƙanenki Eliyahu, da jikoki, da duk wanda ya taɓa cin shinkafa da kwakwa a barandarki. Milka, wadda yanzu take koyar da yara a makarantar nan ta Mumbai da na yi ta yabo, ta ce in sa sunanta. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ketura ta ba ni tiren, ta ce haka kika bar wasiyya. Ranar Lahadi zan shimfiɗa tabarmi, kwanon yana nan yana yoyo. Yara tara ne, iyaye tara. Jiya wani saurayin uba ya zo duba wuri, ya ce yana cikin zaɓe tsakaninmu da Mumbai, har ya tambaye ni ruwan shanmu. Da na gaya masa ƙa'ida, sai ya gyara tsayuwa ya ce shi ai ya san haruffa.

Na ce masa, to ai shi ya sa.

Ki huta, Mawshi.

Yoel Shalom Galsurkar, Thane.