Rabin murfin da ya ɓace a littafin Kawu

Mun tashi daga Dutsin-Ma bayan rana ta ɗaga, domin yanzu ba kowa ke yi wa hanyar Kurfi sammako ba. Ni da maigidana ne, a bayan wata ƙaramar mota ta haya, na rungume jakar kwamfuta a ƙirji. Direba ya ce kuɗin mota ya ƙaru saboda mai. Maigida ya ɗan yi ciniki don kada a ce bai yi ba, sannan ya biya abin da aka faɗa tun farko.

Zuwa wurin Kawuna za mu yi, yayan mahaifiyata. Tsohon malamin dabbobi ne, ya ajiye aiki ya koma ƙauyensu a yankin Birchi. Shekara biyu yana rubuta ɗan littafi da hannu a kan kula da awaki da tumaki: alamomin cuta, lokacin rigakafi, da yadda ake auna magani. Ni malamar lissafi ce, ni ya ɗora wa aikin shirya shi. Mai madaba'a a Katsina yana jiran littafin ranar Litinin, shi kuma Kawu za a yi masa aikin yanar ido a wannan makon. Idan bai duba ba a ranar da muka je, sai dai a buga ba tare da idonsa ba.

Yadda nake aikin shi ne, ina rubuta kalmomi tare da umarni a manhajar rubutu, sai wani ɗan ƙari da na liƙa mata ya mayar da su shafuka tsaf, da jadawali da lambobi, kamar littafin da ya fito daga madaba'a. Wannan ɗan ƙarin ne ya hana ni sukuni a mota. Da safe na haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayata don in tura wani saƙo, ashe ya samu dama ya sabunta kansa. Ina buɗe littafin Kawu sai ga gargaɗi sun fi ashirin jere a ƙasa, alhali jiya babu ko ɗaya. Ban tsaya karantawa ba. Na rufe, na ɗauki mayafi, muka fita.

Hanya kuwa ta yi kyau, in ban da ramukan da damina ta bari. An girbe gero an jingine dammuna a bakin gonaki, dawa tana nan tsaye ta sunkuyar da kai. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta riƙe kaji biyu a ɗaure, ɗaya ta ƙura wa jakata ido har muka isa. A shingen jami'an tsaro aka leƙo, aka gaisa, aka ɗaga mana hannu. Maigida ya sayi dafaffiyar gyaɗa ya miƙo mini, na ce na ƙoshi. Ya dube ni ya ce tunda muka yi aure bai taɓa jin na ƙi gyaɗa ba, lallai abin babba ne.

A Kurfi muka sauka muka hau babura biyu. Nan ne na san jakar tana da nauyi. Hanyar ƙauyen yashi ce, mai babur ɗina kuma mutum ne mai son hira, yana tuƙi yana waiwayowa yana ba ni labarin tsadar taki. Na roƙe shi ya bar labarin sai mun sauka.

Mun tarar da Kawu a zaure a kan tabarma, da takardunsa a cikin leda, ya saka tabaraunsa mai kauri. Bayan gaisuwa aka kawo fura da nono a ƙwarya. Bai bari na sha rabi ba ya ce, "To ɗiyata, buɗe mu gani. Wanga littafi ya hana ni barci."

Na ce, "Kawu, akwai 'yar matsala. Abin da nake aiki da shi ya canza yau da safe, ina tsoron ya ɓata mana shafuka."

Ya ce, "Mi ya ce maki ya ɓata?"

Sai a lokacin na ji kunya, don ban ma karanta abin da ya ce ba. Na buɗe. Akwai ɗan bayani da ya zo tare da sabuntawar, ya riga ya sauka a kwamfutar, ba ya buƙatar intanet. An ce yanzu shafi yana sauyawa nan take yayin da kake rubutu, kuma idan ka danna wuri a shafi zai kai ka daidai layin da ka rubuta shi. Batu na ƙarshe ne ya tsayar da ni: daga yanzu zai riƙa faɗa idan akwai harafi ko alamar da samfurin haruffan da ka zaɓa ba shi da ita, maimakon ya tsallake ta ya yi shiru.

Na danna gargaɗi na farko. Ya kai ni jadawalin maganin tsutsar ciki. Na ƙara girman shafin har haruffa suka yi manya, na juya wa Kawu. Ya kawo fuskarsa kusa, ya bi layin da yatsa, sannan ya zaro takardarsa daga leda.

Ya ce, "Nan an rubuta ɗan akuya a ba shi murfin kwalba. Ni rabin murfi na ce."

Na duba nawa rubutun. Alamar rabi tana nan, ɗaya a sama biyu a ƙasa, yadda na saka ta. A shafin da za a buga kuwa babu ita. Siririn samfurin haruffan da na zaɓa wa jadawali don ya yi kyau ba shi da wannan alama, sai ta faɗi ba a ji ƙararta ba. Na buɗe tsohon kwafin da na adana makon jiya. Nan ma babu. Ashe sabuntawar ba ta ɓata komai ba, kuskuren ya yi watanni yana zaune. Sau uku na karanta littafin nan, amma kullum ɓangaren da na rubuta nake bi, inda komai yake daidai.

Duk inda Kawu ya ce rabi, littafin yana cewa cikakke. Inda ya ce ɗaya da rabi, yana cewa ɗaya. Kawu ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce a farkon aikinsa ya taɓa ganin mutumin da ya ninka wa 'yan tumakinsa magani bisa kuskure suka mutu, kuma har yau yana tuna yadda mutumin ya tsuguna a bakin garke. Ya ce, "Da sunana za a yi wannan a gidaje nawa? Alhamdu lillahi."

Na ce zan canza samfurin haruffan. Ya ce a'a, in cire alamar gaba ɗaya in rubuta kalmar rabi da haruffa, saboda da yawa daga masu kiwo wani ne zai karanta musu da baki. Haka muka yi. Yana nuna wuri da yatsa, ina dannawa, ina gyarawa, shafin yana sauyawa a gabansa. Abin ya burge shi har ya fara ƙirƙiro gyaran da ba a nema ba, don kawai ya ga haruffa suna motsi. Da batir ya yi ƙasa, maigida ya kai kwamfutar gidan maƙwabci mai sola, mu kuma muka ci tuwon dawa da miyar kuka. Na ci har na ƙara.

Kafin la'asar gargaɗin ƙarshe ya ɓace. Kawu ya sa aka ɗaura mana buhun gyaɗa ƙarami a babur, ya kuma kore mu da kansa don kada yamma ta same mu a hanya. A motar dawowa barci na yi, sai da muka shigo Dutsin-Ma maigida ya tashe ni.

Na tura wa mai madaba'a littafin bayan sallar magariba. Abin da na dawo da shi daga Kurfi shi ne, na kusa gudun abin da ya zo ya taimake ni, don kawai ya zo mini da labarin da ba na so. Da na samu minti goma da safe, da tsohon ɗan ƙarin zan nema in mayar, in ga shafi babu gargaɗi, in tafi hankalina kwance. Allah ya taimake ni, mota tana jiran mu, ban samu minti goman ba.