Daminar da Kurkunu Ya Ba Ni Babur

Jikata mai rubuta labaran zamanin da can ta zo tana tambayar yadda ake tayar da babur irin na lokacin Faransa. Ta zagaya tsofaffin garin nan, kowa ya zuba mata abin da ya ga dama. Ina zaune ina jin su, haushi kamar ya kashe ni, don ko ɗayansu bai taɓa ɗora ƙafa a kan irinsa ba. Ni kuwa na ɗora.

Maigidana ma'aikacin asibiti ne a Dogon Dutsi, shi ke bin ƙauyuka yana yi wa mutane lambar agana. Lokotoro, Baturen da ke shugabancin asibitin, ya damƙa masa wani baƙin babur mai giya a hannu jikin tanki, moto muke ce masa. Babur ɗin nan shi ne mutuncinsa. Kafin ya same shi, wankin kwalabe da gyambo yake yi.

A damina ta uku da aurenmu kurkunu ya fito masa a idon sawun dama, ƙafar da ake buga babur da ita. Mutumin da ke yawo yana ce wa jama'a su tace ruwan tabki, ashe shi ya durƙusa ya sha bara a hanyar Kore Mairuwa. Na yi masa dariya har da hawaye, da na dubi fuskarsa sai na daina. In Lokotoro ya ji, zai karɓe babur ya ba wani, mun kuma san ba zai dawo ba. Tuƙi dai yana iyawa, dogon wando ya rufe ciwon, a ƙauye kuma mutane murna suke yi su tura masa. Tayarwar safe a cikin gida ita ce ta gagara.

Na ce, "Maigida, bari in gwada."

Ya ce, "Ke? Mi kinka sani ga moto?"

"Shekara ukku ina jin shi kullum ina daka. Na hi ka sanin kukanai."

Ya dubi ƙafarsa, sannan ya ce in jawo ƙyauren ƙofa.

Na zura tsohon wandonsa a ƙarƙashin zane, shi ya zauna a kujerata ta tsakar gida yana faɗa mini. Da fari a buɗe famfon isansi, wato fetur, a ƙarƙashin tanki. Sai a yi ta danna wani ɗan maɓalli a gefen inji har mai ya tsattsafo ya jiƙa yatsa, sanyi ƙalau. A rufe iska. A ja ɗan marikin wuta baya. Wannan na ƙarshen ya manta bai gaya mini ba ranar farko, ina bugawa sandar tayarwa ta ramo ta yi jifa da ni a jikin zana, kaji suka watse. Na zagi babur, na zagi wanda ya ƙera shi, na haɗa da malamina. Ƙwaurina ya yi kwana bakwai da kumburi.

In an ja wutar baya, sai a taka sandar a hankali har a ji ta cije. A matse ɗan ƙarfen da ke ƙarƙashin hannun hagu, a bar ta ta gota kaɗan, kaɗan ƙwarai, a saki ƙarfen, a bar sanda ta dawo sama. Daga nan ba ƙarfi ake nema ba. Maza suna ta kokawa da ita, ni kuwa na gane irin taɓarya ce: a tashi sama, a sako jiki gaba ɗaya ya tafi da nauyinsa. A rana ta huɗu ya kama da bugu ɗaya.

Ba a fita da shi nan take, sai ya yi ɗumi. Wannan ɗan lokacin shi ne nawa. Rana ba ta riga ta haye dutse ba, rairayin tsakar gida na jiƙe, ƙamshin ƙasa ya haɗu da na isansi. Ina zaune a kan sirdi, hannu biyu a kan ƙaho, rawar injin tana hawa ta damatsana har cikin haƙora. Sai in lumshe ido in tafi. In bi hanyar Kiyeshe da gero dama da hagu ya fi kaina tsawo, raɓa tana dukan gwiwa. In ratsa fadama, shanun Fulani su ɗago kai su bi ni da kallo, wata mai tallan nono ta tsaya da ƙwarya a ka. Wata rana har Ɗan Kassari nake kaiwa, garin da ban taɓa gani ba sai dai ji a bakin maigida, na kuma gina shi yadda nake so, da rijiya a gindin gawo. Can sai in ji hannunsa a kafaɗata. In sauka, ya hau, in buɗe masa ƙofa ina ɓoye a bayan ƙyaure. Maƙwabta suna ta yaba masa sammako.

Da yamma in ya dawo, in kwance tsumma in nannaɗe kurkunun a tsinke, ɗan kaɗan kullum, don in ya tsinke ƙafa ta ɓaci. Haka muka ci damina, Lokotoro bai ji ko ƙishin-ƙishin ba.

Ana fara yankan gero wutsiyar kurkunun ta fito. Bayan 'yan kwanaki bakin ciwon ya bushe, ni da hannuna na cire tsumman na jefa a murhu. Aiki ya tsira, na yi hamdala. Amma gaskiya ita ce zuciyata ta yi baƙi, na kuma ji kunyar hakan, ban gaya wa kowa ba. Na ninke wandon na tura ƙasan akwati.

Washegari na zuba hatsi a turmi na juya wa babur baya. Sai ga shi ya fito daga ɗaki yana ɗingishi, ya ɗaure ƙafar da sabon ƙyalle fari tas, ɗaurin ma a karkace. Ya jawo kujera ya zauna, bai dube ni ba.

Ya ce, "Ƙahwag ga ba ta gama ba tukuna. Taho ki tada min shi."

Na ajiye taɓarya na shiga na ɗauko wandon. Na zura shi, na nufi babur.

Jikata ta tambaye ni ina da ina na je a kansa. Ko zaure ban taɓa wucewa ba. Shekara huɗu babur ɗin ya ƙara yi a gidanmu kafin asibiti ya karɓe shi, kuma shekara huɗun nan ƙafar maigida ba ta warke ba. A tsakar gida kawai take ciwo, da safe. Da ya fita ƙofa sai ta saki. Allah ya jiƙansa.