Kaciya a Tsakiyar Damina

Assalamu alaikum, 'yan uwa da tsofaffin ɗalibaina da ke wannan zaure.

Shekara sittin da ɗoriya ina riƙe da maganar nan a ciki. Yau na doshi casa'in, kunyar ma ta gaji da ni. Da yatsa ɗaya nake bugawa, ku yi haƙuri da kuskure.

Ban yi kaciya ba sai da na shekara ashirin da ɗaya, kuma saura ƙiris ta kai ni kabari.

Mahaifina ya rasu ina ƙarami, aka raba riƙona gida biyu: 'yan watanni a Danchadi wajen Baffa Umaru, ƙanen mahaifina, 'yan watanni a Lambara wajen kawuna. A zamaninmu yaro ba ya ɗaura bante sai an yi masa kaciya. Ina ɗan shekara bakwai na leƙa inda ake yi wa yaran Lambara, na ga aska, na ga jini a rami. Ranar da zan koma Danchadi na saci banten ɗan kawuna na ɗaura.

Baffa ya gan ni ya ce, "Ashe sun yi maka. Madalla." Na ce i. Da na koma Lambara, su ma suka ga bante, suka ɗauka a Danchadi aka yi mini. Tsakanin gidajen biyu akwai kunyar surukuta, ba mai tambayar wani irin wannan magana.

Shekara goma sha huɗu ban yi wanka a rafi da tsararrakina ba.

Saura 'yan shekaru Turawa su tafi ciwon ya fara. Fatar gabana ta ƙuntata, ta kumbura, tana ƙaiƙayi, fitsari ya koma ɗigo-ɗigo, da zafi kamar barkono. Da abin ya ishe ni, na tafi wajen wani wanzami can bayan Sifawa, inda ba a san ni ba.

Ya duba ya ce, "Wa ka kaciya da damina? Kuma kai ba yaro na ba, jijiyakka ta yi ƙwari. Bari ɗari shi shigo, ka taho da manyanka."

Manyan nan su nake gudu. Na nace, na yi masa rantsuwa, har ya yi. Ya barbaɗa garin bagaruwa, ya ɗaure da tsumma.

Yaro in an yi masa, kwanciya yake, ana kawo masa kunu da kaza, babba na gadinsa. Ni da ƙafa na koma gida, washegari na ɗauki fartanya na shiga gero don kada a gane.

Jini ya ƙi tsayawa. Kwana huɗu wari ya fara. Kwana shida fitsari ya tsaya cak, marata ta yi tauri, zazzaɓi ya kayar da ni tsakanin kunyoyi.

Baffa ne ya tsince ni da hantsi. "Bello, mi as same ka?" Na nuna masa. Ya duba sau ɗaya, ya zauna daɓas a ƙasa.

Da jaki ya kai ni bakin hanya, motar kaya ta kai mu asibiti a Sakkwato.

Likitan Bature ne. Ya yi magana, malamin asibiti ya fassara: naman ya fara ruɓewa, za a yanke abin da ya mutu, kuma ba ya alƙawarin abin da zai rage. Na ji tsoron mutuwa. Amma wallahi tsoron a ji labarin a Danchadi ya fi ƙarfi, ku ga irin wautata.

Aka sa mini roba, fitsarin kwana biyu ya fita da jini. Kullum safe a sa mini tsinken awon zafi a baki, a wanke ciwon da wani ruwa mai launin shuni, a ɗaye auduga ina cizon bargo. Allura sau huɗu a yini, har mazaunaina suka rasa wurin suka. Mutumin gadon da ke kusa da nawa ya rasu a sati na biyu.

Kwana arba'in da 'yan kai na yi. Na fita da tabo, da wahalar fitsari da na ɗauka har tsufa. Kumburin nan da ƙaiƙayi dai ba su sake dawowa ba, na samu tsarki irin na kowa, na yi aure, Allah Ya ba ni zuriya. Alhamdulillahi.

Shawarata gare ku: kaciyar babba tana da amfani, amma aiki ne na asibiti. Ku je a auna ku tukuna, a san ko jininku na tsayawa, ko kuna da ciwon suga. Ku kwanta ku yi jinya yadda aka ce. In kun ga jini ya ƙi tsayawa, ko wari, ko zazzaɓi, ku koma a ranar. Iyayen riƙo kuma, ku duba da idonku.

Na gode wa malaman asibitin nan, ko sunayensu ban riƙe ba. Na gode wa Baffa, wanda ya bar gonarsa ciyawa ta cinye, ya gaya wa duk Danchadi cewa aikin gwaiwa aka yi mini.

Ranar da za a sallame ni ya durƙusa bakin gadona, dattijo da furfurarsa, yana hawaye. Ya ce, "Amanar ɗan'uwana na ci, ban bincika ba. Ka yahe mani, Bello."

Na ce na yafe. Na bar shi ya ɗauki laifin, har ya rasu ban gaya masa da banten sata na yaudare shi ba.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ni ne ya kamata in durƙusa.